Mabuɗi na Biyu

To, ku gyara zama, yau na zo muku da wadda za ta raba kanku, kada kuma wanda ya katse ni sai na dire.

A Funtuwa akwai wani saurayi Sagiru, gwanin wasan ƙwallo na kwamfuta, wanda bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa ƙasan kofin. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da abokansa suke kira Gyatuma, don in wasa ya yi zafi sai ta hau gurnani, hoto ya daskare, kafin ta farfaɗo an zura masa ƙwallo. Duk da tsufanta, kowane abu da ke cikinta ya ɗiga masa jan farcen yayarsa, wai don kada mai gyara ya yi masa musaya.

Ana nan sai wani Alhaji Ma'aruf ya gina sabon gidan wasa, ya sa gasa: kowa zai buga daga ɗakinsa ta intanet, wanda ya cinye shi zai riƙe shagon, ya kuma kawo mutum ɗaya da ya amince da shi a ba shi mabuɗi na biyu. Sagiru ya daɗe yana zaman kashe wando, ransa ya biya ƙwarai. Amma Gyatuma ba za ta kai shi ko'ina ba, aljihunsa kuwa ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye.

Na farko da ya taimaka masa shi ne Nafi'u mai gyara, abokinsa tun firamare. Ya ɗauki Gyatuma ya tafi da ita, ya dawo da ita ɗauke da katin hoto na hannu mai kyau, wato abin da ke fito da hoton wasa a kwamfuta, wanda ba don shi ba wasan gasar ma ba zai buɗe ba. Bai nemi ladan aiki ba. Sagiru ya kwance murfi ya duba, sai ya ga babban faifan ajiyarsa babu, an maye gurbinsa da ɗan ƙarami.

"Ina faifaina?"

"Da shi na yi musayar katin a kasuwa. Ko da gumina kake so in biya?"

Bayan 'yan kwanaki Sagiru ya bi ta shagon Nafi'u, ya hango faifai mai ɗigon jan farce a cikin kwamfutar Nafi'un kansa. Da ya yi magana, Nafi'u ya ce ai bin sawu ya yi ya fanso shi, yana jiran a gama gasa ya mayar masa. Mai yiwuwa gaskiya ne, amma bai faɗa ba sai da aka gani.

Na biyu shi ne Ɗanliti, babban abokin hamayyarsa, wanda duk unguwar shi kaɗai ke iya cin Sagiru. Katin ya zauna, amma Gyatuma ta ci gaba da shaƙewa, Nafi'u ya ce sai an ƙara mata ram, wato abin da ke ba ta sararin yin aiki da sauri. Ɗanliti ya ciro na tasa kwamfutar ya kawo a aljihu, ya kuma janye sunansa daga gasar.

"Buga kawai," in ji shi. "Ni da kai duk ɗaya ne."

Wannan magana ta hana Sagiru sukuni, don ruwa ba ya tsami banza. Ya yi ta bincike har ya ji cewa allon kwamfutar Ɗanliti ya ƙone tun kafin a sa gasar. Ɗanliti ya rantse da Allah cewa da ya so da ya ari allo a wurin ƙaninsa, kuma lallai ƙanin yana da allo. Sai dai an ga Ɗanlitin sau da dama yana gaida Alhaji Ma'aruf har ƙasa.

Ta uku ita ce yayarsa Lawisa, mai sayar da zoɓo da kunun aya, wadda take da firji mai aiki da batirin sola. Ranar wasan ƙarshe da la'asar, Sagiru yana gaba da ci ɗaya, sai wuta ta ɗauke. Ɗan batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci ya hau kuka. Lawisa ta fizge wayar firjinta ta jawo masa wutar solar har ɗaki, Gyatuma ba ta mutu ba. Ya gama wasansa ya cinye gasar, ita kuwa kunun ayar da aka yi mata oda na wani bikin suna ya yi tsami, ta zubar da shi a kwata.

Da ya fito yana murna, sai ya ga fankar maƙwabta tana juyawa. Ashe gidansu kaɗai wutar ta ɗauke, kuɗin mita ne ya ƙare, kuma a makon nan Lawisa ce da saka kati.

"Mantawa na yi, Sagiru. Ni da na yi asarar kaya kake wa wannan kallon?"

Ya so ya yarda da ita, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ya tuna da safe ta tambaye shi ko shagon Alhaji yana da wurin ajiye firji.

Washegari Alhaji Ma'aruf ya kira shi ya damƙa masa mabuɗai biyu, ya ce, "Wanda ka ba ɗayan, duk abin da ya ɓata a shagon nan a wuyanka yake. In ba ka da wanda ka yarda da shi, ka ajiye duka biyun in nemi wani." Sagiru ya waiga ya ga su ukun tsaye a bakin ƙofa, kowa yana masa murmushi. Ba katin Nafi'u, wasan ba ya buɗewa. Ba ram ɗin Ɗanliti, ba ya gudu. Ba wutar Lawisa, da ya mutu a hannunsa.

To jama'a, ga mabuɗi a tafin Sagiru, Alhaji yana jira. Wane ne a cikin ukun nan ya cancanci a miƙa masa?