Ranar da Audi Ya Ɗaura Sitata da Hannunsa

Akwai wani mutum a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla a ƙasar Sudan, sunansa Audi. Shekara uku da suka wuce ya faɗo daga bayan tarakta, ƙafarsa ta dama ta karye. Ta warke, amma ƙarfinta bai dawo ba. Noma ya gagare shi. Abin da ya rage masa shi ne babur ɗinsa, da shi yake kwasar tumatir da kuɓewar manoma daga hawasha, wato gonakin rani, zuwa kasuwa.

Ku lura da abu ɗaya. Mai lafiyar ƙafa, in sitata ta ƙi, sai ya buga kik ya wuce abinsa. Audi ba ya iya buga kik. In maɓallin nan na hannu ya daina aiki, sana'arsa ta ƙare ke nan.

To, sitatar ta fara ciwo. Kullum da safe in ya danna, sai ta ɗauki ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, kaji su watse, maƙwabta su yi ta dariya. Wata rana ma sai da mutum biyu suka tura shi kafin babur ɗin ya tashi. Ranar Audi bai iya cin abinci ba don baƙin ciki.

Ya ba wani direban lori saƙo, aka sayo masa sabuwa daga birnin Sennar. Ya kai wa Usta Mujtaba, bakaniken bakin kasuwa. Mujtaba gwani ne, wannan kam ba mai musu, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Audi ya ce, "Usta, ka taimaka ka ɗaura min yau. Jibi kasuwa, an yi mani alƙawarin kaya."

Mujtaba ya kurɓi shayi, bai ko dubi sitatar ba. "Ya zol, bawan Allah, sai bayan sati biyu. Kuma gaskiya, mutum ba ƙafa mi zai yi da babur? Sai da shi ka zamna gida, khalas, magana ta ƙare."

"To ni zan ɗaura da kaina."

Mujtaba ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. A gaban masu shan shayi ya ce, "In ka ɗaura ta tashi, ni zan ɗauko maka kwandon tumatir bisa kaina har cikin kasuwa."

Audi ya ɗauki sitatarsa ya koma gida.

Washegari da hantsi ya jingina babur a inuwar darbejiya. Matarsa Ramla ta kawo faifai ta zauna kusa da shi. Ya fara cire wayar batir. Duk abin da zai kwance, sai ya ɗauki hotonsa a waya tukuna, sannan ya miƙa wa Ramla notin ta jera a faifai bi da bi. Noti ɗaya ya ƙi motsi. Ya ɗiga masa mai, ya sha shayi, ya jira, ya sake gwadawa a hankali har ya saki.

Kafin azahar tsohuwar ta fita, haƙoranta duk sun cinye. Ya shafa wa robar sabuwar mai, ya zura ta, ya ɗaure, ya mayar da wayoyi. Ya yi bismillah, ya danna.

Ƙas. Shi ke nan.

Ya sake dannawa. Ƙas.

Audi ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafar nan, idanunsa suka kawo ruwa. "Wataƙila Usta gaskiya yaf faɗi," in ji shi.

Ramla ba ta san kan inji ba, amma ta san datti. Ta leƙa, ta kira shi da alkunyar da ta saba, ta ce, "Abu Rayan, mi ne wanga farin abu da yak kama bakin batir?"

"Tsatsa ce, ta daɗe nan."

"Kuma wuta ta bi ta cikin datti? Cire min shi. Tukunyata ta fi wanga baƙi, na kuwa fid da ita."

Ya so ya yi gardama, sai ya tuna ba shi da wata dabara. Ya kwance wayoyin. Ta kawo ruwan zafi da toka da soso, ta dirje su har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Suka bari ya bushe, ya ɗaure da kyau, ya danna.

Babur ya tashi nan take, lafiya lau, ko kazar da ke kwance gefen taya ba ta motsa ba. Ramla ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ranar kasuwa Audi ya tsaya da kwanduna biyu daidai gaban rumfar Mujtaba. Ya kashe babur. Ya bari kowa ya juyo, sannan ya danna da yatsa ɗaya, ya tashi. Masu shayi suka kwashe da shewa.

Mujtaba dai ɗan halak ne. Ya aje sufana, ya naɗe gammo, ya zo zai kwance kwando, kunya duk ta rufe shi.

Audi ya riƙe hannunsa. "Bari, Usta. Kanka bai saba ba, kar ka fasa wa mutane tumatir. Hau baya ka riƙe min kwandon, ka ji aikin hannun mara ƙafa."

Haka suka ratsa kasuwar Hajj Abdalla, Audi a gaba, Usta a baya rungume da kwandon tumatir. Da suka sauka Mujtaba ya ce, "Yafe mani, ɗan'uwa. Bakina ne."

Audi ya ce, "Na yafe. Amma in batir ya ba ka wuya, ka zo gida, akwai babbar usta."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da abin da ya rasa, ba ka san abin da Allah ya bar masa ba. Haƙuri yana kwance notin da ƙarfi ya kasa, kuma shawarar na kusa da kai ba abin rainawa ba ce. In ka san wani da aka ce masa ya zauna gida ya haƙura, tura masa labarin Audi.