Telan da Yatsunsa Suka Ƙi Riƙe Almakashi

Akwai wani tela da ake kira Mai Saiti, saboda ɗinkinsa ba ya karkacewa. Tun safe yake kan keke har yamma. Abincinsa soye-soyen bakin titi ne da biredi, ya kora da lemon kwalba, wata rana har huɗu.

Matarsa takan zuba masa wake da ganye a kula. Sai ya buɗe ya ja tsaki. "Ni akuya ce? Bar wa yara."

Ciki ne ya fara damunsa, yau kumburi, gobe bayan gida ya ƙi fita. Daga nan gwiwa ta ɗauka, sai yatsu. Kullum sai ya haɗiyi maganin ciwon jiki ya ci gaba da aiki.

Wata safiya ya shimfiɗa yadin wata mata, ya ɗauki almakashi, yatsunsa suka ƙi rufuwa. Ya matsa da ƙarfi, almakashin ya zame ya tsarge yadin. 'Ya'ya biyar gare shi, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan hannun.

Ya kira matarsa a waya. "Maman yara, hannuna ya ƙi."

A asibiti, bayan an gwada jininsa, likita ta tambaye shi abin da yake ci. Matarsa ce ta lissafa.

"Malam, kumburi ne ya daɗe yana cin jikinka a hankali," in ji likita. "A hanjinka akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, ganye da wake da 'ya'yan itace suke so. Kai kuwa sukari da mai kake tura musu. Ba abinci kaɗai ya jawo ba, amma yana ƙara rura abin."

"Likita, zan sake ɗinki?"

"Ka sha magani, ka gyara cinka, mu gani."

Wannan "mu gani" ta tsaya masa a rai. Sati shida shago a rufe, yana shan magani, yana cin wake da ganye. Kullum da safe sai ya dunƙule hannu ya buɗe, matar tana leƙensa daga kicin.

Ranar da ya koma shago, riga ɗaya ya iya gamawa. Ya kawo ta gida ya ajiye a cinyar matarsa. "Taki ce. Ki yafe min."

Darasi: Kada ka raina abin da kake zuba wa cikinka, kada kuma ka raina mai gaya maka gaskiya a gida. Ciwon da ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti. Ku tura wa wanda kuka san lemon kwalba ne ruwan shansa.