Ladingo da Barkar 'Yar Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu ɓarar gyaɗa. Ku ce ta zo mu ji ta. Na ga bakunan duk a cike suke da gyaɗar mai gida, to na amsa muku: ta zo mu ji ta, ta wuce ta bar mu lafiya.

A wani gari can cikin daji an yi wata gafiya ana ce mata Ladingo. A wancan zamanin gafiya da sunanta na yanka kamar kowa. Ladingo ba marowaciya ba ce, kada ku ɗauki alhakinta, hannunta a sake yake. Ciwonta ɗaya ne, in ta ba da abu tana so a ji. In ana biki sai ta jira tsakar gida ta cika, sannan ta shigo da kaya niƙi-niƙi, ta tsaya daidai inda Kwaɗo maroƙi yake. Sai Kwaɗo ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Ladingo ta kawo, Ladingo ta sauke." Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai wai kunya, kunnuwanta a miƙe suna sha.

Hansai, daina yi mini wannan kallon. Na san abin da ke ranki, randar ƙofar masallaci ce. E, ni na saya ranar sunan jikana, kuma ni na sa mai fenti ya rubuta sunana, Delu, a jikinta. Da ya rubuta ƙanana ma cewa na yi ya goge ya sake. Za a zo kaina, bari mu gama da gafiya.

Ladingo tana da aminiya tun suna 'yanmata, ita ce Zabuwa. Zabuwar nan damina shida tana kwanci, ba ta taɓa ganin ɗanta ya kai ranar suna ba. Wani ƙwan ya lalace, wani a ƙyanƙyashe ya koma. A damina ta bakwai sai Allah ya ba ta guda ɗaya, mace, 'yar firit, ko ido ba ta iya buɗewa sosai. Don tsoro Zabuwa ko suna ba ta zaɓa mata ba.

Washegari sai ga Ladingo ta zo barka da ƙwaryar gero da kwandon gyaɗa da zanen saƙi sabo fil. Ta duba nan, ta duba can, ba kowa sai mai jego. Sai ta ce, "Aminiya, nuna miki na zo yi. Zan mayar da su, sai ranar suna."

Zabuwa ta ce, "Zauna, Aminiya, ina da roƙo. Kayan nan kada ki kawo mana su. Ki raba wa mabuƙata uku kafin ranar suna, kowa ki ce masa daga jaririyar Zabuwa ne. Ba zane nake nema mata ba, addu'ar bakin da ya san yunwa nake nema. Shi ne barkarki a gare ta."

Ladingo ta ce, "Kwaɗo zai raka ni?"

Ta ce, "Ba Kwaɗo."

Ta ce, "To wa zai san na kai?"

Zabuwa ta dubi 'yarta ta ce, "Ita za ta sani, in ta rayu."

Sai Ladingo ta ji kunya, ta ce an gama.

To a dajin nan addu'a suna take bi. Sunan da aka faɗa na ƙarshe a kunnen mai karɓar sadaka, a kan mai shi take sauka. Kada ku kai ni gaban malam, yadda aka ba ni na ba ku.

Ran kwana biyu sai Ladingo ta ɗauki ƙwaryar gero ta nufi bukkar Kunkuru, wani tsoho makaho da ke bayan gari, 'ya'yansa duk sun tafi ci-rani sun bar shi. Tana tafe tana karanta wa kanta, "Daga jaririyar Zabuwa, shi ke nan. Daga jaririyar Zabuwa, shi ke nan." Ta yi sallama, ta ajiye, ta ce, "Baba, ga gero daga jaririyar Zabuwa."

Kunkuru ya shafa ƙwarya ya ji ta cike. Ya ce, "Kwana uku ban ɗora tukunya ba."

Da ta juya a nan da an zauna lafiya. Sai ta ji maganar ta taso mata daga ciki kamar gyatsa. Ta ce, "Ai geron ma na gonata ne, Baba. Ladingo ce, ko ba ka gane muryar ba?"

Kunkuru ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya cika wa Ladingo kumatu, ta yi ɓulɓul."

Kafin ta iso gida kumatunta sun cika sun yi tantsan. Duk wanda ya gamu da ita sai ya ce, "Ladingo, me kike ci ne haka?" Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce a ranta ai saura biyu, biyu ma sun isa jaririya.

Ran kwana huɗu sai ta ɗauki kwandon gyaɗa ta nufi wurin Bushiya, wadda mijinta ya rasu, gobara kuma ta cinye mata rumbu. A hanya ta ja wa kanta kunne, ta ce yau ko za a yanka ta ba za ta ce Ladingo ba. Ta ajiye kwando ta ce, "Ga gyaɗa daga jaririyar Zabuwa." Ta rufe baki gam, ta juya. Taku ɗaya, taku biyu, taku uku.

Sai Bushiya ta ce, "Allah sarki. Wannan gyaɗa haka manya-manya, lalle daga gonar Kurege Zabuwa ta saya."

Ladingo ta tsaya cak. Ta juyo ta ce, "Wane Kurege? Yaushe Kurege ya taɓa noma irin wannan? Ta Ladingo ce."

Bushiya ta ce, "To Allah ya buɗe wa Ladingo ciki, ta ci ta ƙoshi, abincin ya zauna mata."

Kuna dariya, amma ni na san wurin nan. Mutum zai iya jure a ƙi yabonsa, abin da ba ya juruwa shi ne a yabi maƙwabcinsa da kayansa. Na taɓa kai wa mai jego kunun kanwa aka ce na maƙwabciyata Marka ne, sai da na koma har gida na ɗauko murfin kwanon don a ga alamata.

Ladingo ta koma gida ta ci tuwo malmala huɗu, ta sha fura, ta nemi ƙari. Da ta ƙoshi sai ta ce bari ta leƙa aminiya. Ta tarar da Zabuwa zaune ta rufe 'yar da fiffike. An kai wa 'yar tsaki ta ƙi karɓa, an ɗiga mata ruwa ya dawo. Wuyan nan ya zama kamar zare.

Zabuwa ta ce, "Aminiya, kin kai kuwa?"

Ta ce, "Na kai biyu."

Zabuwa ta ce, "To Allah ya karɓa. Ni dai ban ga sauyi ba, amma ke kam tubarkalla, kin yi kyau."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo. Ladingo ta shafa kumatunta, ta dubi na jaririya, ta gane kumatun wa take yawo da su. Ta tashi ta fita ba ko sallama, ta je bayan rumbu ta yi kuka. Tana kukan ma yunwa take ji, don addu'ar Bushiya ba ta san ana makoki ba.

Ran kwana shida sai ta ɗauki zanen saƙi, shi kaɗai ya rage. Ta nufi wurin tsohuwa Hawainiya, wadda sanyin damina ya kama wa gaɓoɓi, ba ta da abin rufa. A hanya ta bi ta gindin magarya ta tsinci ƙwallaye ta cika hannu biyu, domin yanzu ta san bakinta ba abin yarda ba ne.

Ta shimfiɗa wa tsohuwa zane a baya, ta ce, "Iya, daga jaririyar Zabuwa." Tana faɗa ta watsa ƙwallayen a baki, kumatun nan suka ɗauke su duka.

Hawainiya kuwa kun san ta da nawa. Ta juya ido ɗaya ta dubi zane. Ta juya ɗayan ta dubi mai kawowa. Ta ce, "Zane mai kyau. Ke kuma 'yar nan, wace ce ke? Faɗa mini sunanki, in sa miki albarka."

Ladingo ta ce, "Umm."

Ta ce, "Irin wannan kirki ai bai kamata ya ɓoyu ba. Gobe in na ga Kwaɗo sai in gaya masa, ya zaga gari da ke."

Jama'a, gumi ya karyo wa Ladingo. Sunan ya taso ya zo maƙogwaro, ya tarar da ƙwallon magarya ya tare hanya. Ta ƙara tura wasu. Hawaye na zuba ta ce, "Umm umm."

Hawainiya ta ce, "Ashe maganar ta ɗauke mata, Allah sarki. To Allah ya raya jaririyar Zabuwa, ta ga jikokinta."

Ladingo ta zura da gudu, ba ta tofar da ƙwallayen ba sai da ta tabbata ko ta yi ihu tsohuwa ba za ta ji ba.

Ranar suna da hantsi jama'a suka taru. Jaririya ta buɗe ido, tana numfashi, amma har yanzu ba ta ci, kanta ma ba ta iya ɗagawa. Rai an roƙa mata, abin riƙe ran ne yake jikin Ladingo. Kwaɗo yana ta kiran masu kawo kaya, mata kuwa suna ta zunɗen Ladingo, wai ga aminiya guda ta zo hannu biyu, sai uban kumatu.

Sai Ladingo ta ja Zabuwa gefe, gaban Malam Zalɓe da zai raɗa suna, ta faɗi duk abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Zabuwa ba ta zage ta ba. Ta ce, "Damina bakwai, Aminiya." Daga nan ba ta ƙara ba.

Ladingo ta ce, "Malam, in koma wurin Kunkuru da Bushiya su sake?"

Malam Zalɓe ya ce, "Da me za ki koma? Geron an ci, gyaɗar an ci. Addu'a kuma ta riga ta bi suna, tana inda sunan yake."

Can Ladingo ta ce, "In sunan ya tashi daga kaina fa?"

Ya ce, "Sai ta bi shi. Amma ba takwara za a yi miki ba, don in kun raba sunan kun raba addu'ar, rabi kuwa ba zai ishe ta ba. In kin ba da, kin ba da ke nan."

Ta dubi Kwaɗo, wanda ya shekara ashirin yana daɗaɗa mata rai da sunan nan. Ta dubi 'yar da ke ƙarƙashin fiffike. Ta ce, "Malam, a raɗa mata."

Aka yi addu'a, aka shafa. Kwaɗo ya haye turmi ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Sunan jaririya Ladingo! Allah ya raya Ladingo!"

Gafiya ta ce, "Na'am."

Aka ce, "Ba ke ba."

Nan take jaririya ta ɗaga kai ta kai wa tsaki cafka. Ta ci, ta ƙara, ta nemi ƙari. Kafin la'asar ta yi ɓulɓul tana bin uwarta a tsakar gida. Kumatun gafiya kuwa suka saɓe, suka bar mata fata kamar jaka biyu, har yau da su jikokinta suke yawo. Wunin ranar Kwaɗo bai kira sunan kowa kamar na Ladingo ba, gafiya kuma tana gindin murhu tana iza wuta, ana kira tana amsawa, ana ce mata ba ke ba. Zabuwa ce kaɗai ta zo ta zauna kusa da ita, ta ɗora mata 'yar a cinya, ta ce, "Riƙe barkarki." Tun daga ran nan ba wanda ya ƙara sanin ta da wani suna sai gafiya.

To kun ji. In za ka yi wa mutum kyauta ta hanyar sadaka, ka bar masa ita dukanta, har da godiyar. In ka tsakuri godiya ka sa a aljihu, kanka ka yi wa kyautar, shi aike kawai ka yi da sunansa.

Ni dai tun da na ji wannan na gyara hali. Ko makon jiya da aka yi auren 'yar ƙanena, ban kai mata ko faranti ba. Masara na auna tiya goma, zaɓaɓɓiya, ta gonata ta bakin rafi, na kai wa tsofaffin Unguwar Majema da sunan amarya, kuma har yau ban gaya wa kowa...

Hansai, miƙo mini gyaɗar nan in cika baki.

Ƙurunƙus, kan gafiya da kumatunta.