Bencin Baya na Maƙeri Ranau

Akwai wani mutum, maƙeri ɗan maƙeri, dattijo ne kuma a majami'ar ƙauyensu. Kakansa Ranau shi ne ya ƙera ƙararrawar majami'ar da ƙarafan ƙofofinta, don haka ba a ba da tarihin wurin sai an ambaci gidansu. Mutumin nan kuwa yana son a ambata, har yakan gyara zama idan an zo wajen.

Yana da ƙane mai suna Irmiya, wanda giya ta kayar. Dattawa suka sa shi horo bisa ga al'adar ikkilisiya: zai zauna a bencin baya, ba zai ci jibin Ubangiji ba, sai an ga tubansa. Irmiya ya ce, "Ni jikan Ranau in zauna a bencin baya kowa yana waiwayena? Gidanmu ba a taɓa yi ba." Daga ranar bai ƙara taka majami'a ba. Shekara biyu ke nan, giyar kuwa sai gaba take yi da shi.

Da majami'ar ta cika shekara saba'in, aka ce dattijon ya rubuto tarihin kakansa, a karanta ranar biki. Ya zauna ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, har Ranau ya fito tas kamar sabon faranti. Ranar biki majami'a ta cika maƙil. Irmiya ma ya zo, amma ya tsaya waje jikin taga. Dattijon ya karanta cewa tun da Ranau ya karɓi bishara bai taɓa yin tuntuɓe ba, ko sau ɗaya.

Sai Gwaggo Rifkatu, 'yar autar Ranau, tsohuwa mai dogara sanda, ta miƙe.

Ta ce, "Ɗana, wannan mutumin kirkin da ka karanta, ban san shi ba. Ba shi ne babana ba."

Ta nuna bayan majami'a da sandarta.

"Ku dubi bencin can. Duk bencinan nan ƙafafun katako gare su, shi kaɗai ne mai ƙafafun ƙarfe. Kun san dalili? Sau uku Baba yana komawa giya bayan baftisma, sau uku ana zaunar da shi a can. Ya daɗe a kansa har ya gaji da girgiɗinsa, ya ɗauke shi zuwa maƙera ya yi masa ƙafafu. Ya ce wanda zai zauna bayansa kunya ta ishe shi, kada a ƙara masa da faɗuwa. Ko Lahadi ɗaya bai fasa zuwa ba. Ƙararrawar da kuke yabo, bayan horo na uku ya ƙera ta."

Dattijon ya naɗe takardarsa, gumi yana keto masa. Ya koma kujerarsa ya zauna.

Lahadi ta zagayo. Tun kafin a fara waƙa Irmiya ya shigo, kansa a sunkuye, ya zauna a bencin baya. Da wansa ya gan shi, sai ya tashi daga kujerar dattawa, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya je ya zauna kusa da shi.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Takardar dattijon ita ce shaidar da muke bayarwa bayan mun wanke ta da sabulu. Muna cire faɗuwar iyayenmu da tamu, muna cewa mutuncin gida muke karewa, alhali kuwa alherin Allah muka cire, gama a wurin faɗuwar nan ne ya ɗaga mu. Irmiya shi ne ɗanka, ko ƙanwarki, da ke tsaye a waje yana tsammani duk na ciki ba su taɓa kuskure ba. Ina faɗa muku da baƙin ciki, da yawa ba zunubinsu kaɗai ya hana su dawowa ba, har da tsarkin da muke yi wa kanmu kirari da shi. Allah bai ji kunyar Ranau ba, ba zai ji taka ba. In ya taɓa tashe ka daga ƙasa, ka faɗa a gidanka yau, da bakinka, tun wanda ke bakin taga bai juya ya tafi ba.