Manomin da Jijiyar Gwiwarsa ta Tsinke

Akwai wani manomi da yake da shanun huɗa biyu da gona a gindin dutse. Wata rana da damina yana bin garma, sai ƙafarsa ta dama ta zurma cikin ramin gafiya. Ya ji wani abu ya tsinke a gwiwarsa kamar igiyar guga, ya faɗi.

Aka kai shi wurin mai ɗori. Tsohon ya lalluba ƙafar daga cinya har ƙwauri, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne kawai. Iyakar saninsa ya faɗa, gama ƙashi ne aikinsa. Ya shafa man shanu, ya ɗaure. Bayan wata guda kumburi ya sauka, zafi ya tafi, manomin ya ce ya warke. A garinsu kuwa, ciwon da ya daina zafi ba a ƙara kiransa ciwo.

Amma ƙafar ta ƙi miƙewa da kanta. In zai taka, sai ya sa hannu ya tura gwiwar baya. In ya zo gangare, sai ya juya ya sauka da baya-baya. Haka ya yi shekara uku. Cinyar ta rame, shanu suka fi ƙarfinsa, kowace damina ciyawa tana ƙara cinye gonar. Da hatsi ya kasa kaiwa rabin rumbu, sai ya fara zancen sayar da shanun ya bar noma.

Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, me shanu suka yi maka? Sukan kai ƙarshen gona kai kana tsakiya kana lallashin ƙafa. In akwai abin kaiwa kasuwa, ƙafar ce. Tun da ba mai saye, mu kai ta asibiti."

Ya yi dariya, amma zuciyarsa tana tsoro kada a ce masa ya makara. Duk da haka ya bi ta.

Likita ya duba, ya nuna masa yadda ƙoƙon gwiwar ya haura sama. Ya ce babbar jijiyar da take miƙe ƙafa ce ta tsinke. Da ya zo a makon farko, ɗinki kawai za a yi. Yanzu bakunan jijiyar biyu sun ja da baya sun ƙanƙance, ko an ja da ƙarfi ba za su haɗu ba.

Manomin ya ɗauki sandarsa zai tashi.

Likita ya ce, "Zauna, Baba, ban gama ba. A bayan cinyarka akwai wata jijiya mai lafiya. Zan ɗebo daga cikinta in cike tsakanin."

Aka yi tiyata. Ya yi makonni ƙafa a ɗaure, ya yi watanni yana koyon lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan, wani lokaci har da hawaye. Damina ɗaya ta wuce shi a zaune. Da ta zagayo, ya kama garma ya huɗe gonar har gindin dutse. Ɗan ɗingishi bai rabu da shi ba, amma hannunsa bai ƙara komawa gwiwa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, jijiyar nan zumunci ce, tsakaninmu da Allah da kuma tsakaninmu da juna. Akwai a cikinmu wanda ya yi shekaru bai gai da ɗan'uwansa ba. Akwai wadda ta bar addu'a tun ranar da ta binne ɗanta. Zafin ya wuce, sai muka ce mun warke, alhali dabarar tafiya kawai muka koya. Kowace shekara kuwa nisan yana ƙaruwa.

Ƙaunatattu, gyaran da aka jinkirta yakan fi wuya, amma a wurin Ubangiji Yesu ba a makara. Inda bakuna biyu suka kasa haɗuwa, yakan ɗauko wani daga cikin jikinsa, wato ikilisiya, ya sa shi a tsakani. Wataƙila kai ne mai ɗingishin. Wataƙila ke ce jijiyar da za a ɗebo, hakan ma da zafinsa. Ko wanne ne kai, kada ka ɗauki sandarka ka tashi. Mai warkarwa bai gama magana ba.