Tsaga Biyu a Kuncin Barmani

A zamanin da giwa ke shan ruwa inda kasuwa take ci a yau, wani maharbi mai suna Ranau ya kafa bukka a gindin wata tsamiya, tsakanin dutse da rafi. Ranau na Gwamma, baƙin dafi, mai kwana inda zaki ya tashi! Haka maroƙa ke yi masa kirari har gobe. Gwammar da suke ambata ƙanwarsa ce, mai zanen ƙorai, kuma daga wannan ambaton ba sa ƙara cewa komai a kanta.

Gari ya fara kafuwa ke nan mahara suka gano hanya. A harin farko suka kwashe yara tara, har da ɗan farin Ranau. Shekara bakwai yana bin sawu kafin ya tarar da yaron a wata kasuwar bayi. Ya riƙe hannunsa, aka ce ya kawo shaida. Ba shi da ita. Yaron ma kallon baƙo ya yi masa. Ranau ya dawo shi kaɗai.

Gwamma ce ta ajiye ƙwarya ta wasa aska. Ta ce, "Yaya, ƙwaryata ko a bakin rafi aka tsince ta, an san tawa ce. Ashe 'ya'yanmu ba su kai ƙwarya daraja ba?"

Ta yi wa kowane yaro tsaga uku a kuncin hagu, ta dutse da ta rafi da ta tsamiya, tana shafe su da tokar ɓawon tsamiyar. An ce duk wanda aka sace, in ya juya fuska wajen gida, kuncinsa kan yi ɗumi. Da haka da yawa suka dawo.

'Yarta ce kaɗai ta gagare ta, Barmani, wadda ta haifa bayan 'ya'yanta huɗu sun rasu. Ta yi ta ɗaga ranar har yarinyar ta shekara shida. Da ta zaunar da ita, tsagar farko ta tafi daidai. A ta biyu yarinyar ta ƙwalla, "Inna!" Hannun da bai taɓa rawa ba ya karkace. Gwamma ta ajiye aska, ta ce a bari sai gobe. Goben, da hantsi, mahara suka rutsa yara a rafi, suka tafi da Barmani.

Shekara talatin suka shuɗe. Ranau ya mutu, an gina ganuwa, Gwamma ta makance. Dattawa suka mai da tsagar doka: mai uku ɗan gari ne, wanda ba shi da uku ƙofa ba ta buɗe masa. Abin da aka yi don dawo da ɓatattu ya zama abin korar mutane, ba a kuwa tambayi mai askar ba.

Wata bazara sai ga wata mata a ƙofar gari, ƙafafu a farfashe, da tabon sarƙa a idon sawu, maganarta ta gauraya da wani harshe. Mai tsaron ƙofar Tunau ne, ɗan Ranau, taubashinta.

"Tunau mai kunnen jemage! Har yanzu kana gudun kwaɗo?" in ji ta, tana dariya.

Bai yi dariya ba. Ya ƙirga kuncinta da ido. "Biyu na gani, baiwar Allah. 'Yan leƙen asiri ma sun iya sunayen mutane."

"To kira mini Inna."

"Tsohuwar da ba ta gani, me za ta shaida?"

Kwana huɗu tana zaune a rana a bayan ganuwa, an hana a miƙa mata ko da ruwa. A rana ta biyar mata masu zuwa itace suka kai wa Gwamma labari. Ta fito tana dogara sanda, Tunau ya tare ta.

"Gwaggo, dattawa sun riga sun yanke."

"Dattawa? Ni na tsaga su suna jan majina. Kauce mini."

Ta lalubo matar a kwance, rai ya yi halinsa, jiki ya riga ya yi sanyi. Yatsunta suka bi tsagar farko, miƙaƙƙiya. Suka bi ta biyu, har inda ta karkace wajen kunne. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wannan kuskurena ne. Babu hannun da ya iya shi sai nawa."

A nan ta ce a haƙa kabari, kan hanyar da kowane dattijo zai bi. Ana cikin haƙa ruwa ya ɓullo, a tsakiyar bazara. Aka binne Barmani a gefe, Gwamma ta jefa askarta cikin ramin. Sannan ta tara matan da ta koya wa aikin, ta rantsar da su: ba za a ƙara yin ta uku ba, ta biyun kuma a karkata ta da gangan.

Dattawa sun yi barazana, amma babu wanda ya iya aska sai matan. Da jikokinsu suka taso da tsaga biyu, dokar ta mutu ba tare da wani ya nemi gafara ba.

Rijiyar tana nan a ƙofar gabas ta Kurmin Ranau, ba a hana baƙo ruwanta. Maroƙa suna kiran Ranau. Amma a dubi kuncin tsofaffin garin: tsaga biyu ce, ta biyun a karkace.