Kurege Ya Ɓoye Sawu Ya Manta Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, amma ku kife wayoyin nan tukuna.

Ta zo mu ji ta, Kawu, mun kife.

Madalla. Ni ma ga tawa a kife, ko da yake ba ladabi ba ne, caji ne ya ƙare.

Kurege ne dai ya sayi waya, irin ta shafawa. Tun ranar ba a sake ganin fuskarsa ba, sai ƙeyarsa. In kai ya yi ciwo, ya tambayi waya. In gashin wutsiya ya zube, ya tambayi waya. Abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba, waya ta sani.

To, a tsakiyar dajin akwai dogon ƙarfen sabis, a ƙolinsa Shaho yake zama. Duk saƙon da ya tashi daga wayar wani, ta gaban Shaho yake wucewa. Ya ga abin da ke ciki, ya ga inda ya fito. Shaho kuwa ba ya riƙe sirri. Ka miƙa masa 'yar tsoka, ya zazzage maka komai.

A dajin nan Kura ke sana'ar kilishi, ta tara buhunan gyada a rumbu saboda labu, kwaɓin da ake tsoma naman a ciki. Kurege ya wuce, ya shaƙi ƙamshi, yawu ya tsinke. Ya zaro waya ya rubuta: "Wane lokaci Kura take barcin rana?" Waya ta faɗa masa. Ya rubuta: "Yaya ake huda buhu ba ƙara?" Waya ta faɗa masa. Ya huda, ya ci, ya cika kumatu, ya dawo. Kashegari ma ya huda, ya ci, ya cika kumatu, ya dawo.

Kura ta ga buhu yana ramewa. Ta yanki tsoka ta kai wa Shaho.

Shaho ya ce, "Hajiya, akwai mai yawan tambaya a kan barcinki. Daga wajen tsamiyar can tambayar take tasowa."

Kura ta ce, "In na kama shi, da shi zan yi kilishin sallah."

Kurege yana cikin rami a gindin tsamiya ya ji ana shinshina ƙofa, ana maimaita maganar kilishin sallah. Kura na juya baya ya ruga wurin Gafiya, gwanar haƙa, wadda ke gyaran waya a bakin kasuwa.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri, Shaho zai sa a shanya ni a rana!"

Gafiya ta karɓi waya, ta latsa nan, ta latsa can. Ta ce, "Na sa maka abin da ake kira VPN. Rami ne, amma na saƙo. In ka yi rubutu, sai a naɗe shi a shigar da shi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo can garin Raƙuma. Shaho zai ga ƙunshi ya shiga rami, ba zai san abin da ke ciki ba. Wanda saƙon ya isa gare shi kuma zai ɗauka daga garin Raƙuma ya taso."

"Shi ke nan na ɓace?"

"Sawunka ya ɓace. Bakinka yana nan. Rami yana ɓoye sawu, ba ya ɓoye baki."

Kurege ya ce ya ji. Ni ma da ni ne haka zan ce.

Ya koma gida ya shiga zauren hirar dabbobi na cikin waya da sabon suna, Sarkin Huda. Ya sa hoton buhu hudajje, ya rubuta: "Gyadar bana ta yi daɗi, a gaida mai ita."

Kura ta sake yankar tsoka. Shaho ya duba, ya duba, ya ce, "Hajiya, wannan kam daga garin Raƙuma ya fito."

Kura ta ɗaura ɗamara, tafiya ta yi tafiya, ta isa garin Raƙuma. Ta tsaya tsakiyar kasuwarsu ta ce, "Wane ɓarawon ne a cikinku Sarkin Huda?" Raƙuma ba su san gyadarta ba, amma sun san zagi. Wannan ya harba, wancan ya harba. Ta dawo gida tana jan ƙugu, har yau ƙugun bai miƙe ba.

Ta kwanta jinya, ta yi tunani. Rannan ta kira Kwaɗo maroƙi, ta ba shi kilishi, ta raɗa masa magana.

Ranar kasuwa Kwaɗo ya rataya kalangu, ana ɗaukarsa a waya ana turawa zaure. Ya fara: "Sarkin Huda! Namijin duniya! Ka ci gyada a Kudu, a neme ka a Arewa! Na ji an ce Zomo ne kai, domin in ba Zomo ba wa ke da wannan wayon?"

Kurege yana kwance yana kallo. Da aka ce namijin duniya, wutsiyarsa ta miƙe. Da aka ce Zomo, ya tashi zaune.

"Zomo? Ni da huda, wani da kirari?"

Kun dai san al'ada. In maroƙi ya wasa ka, sai ka yi kyauta, in ba haka ba kai ba ɗan kowa ba ne. In ka yi kyauta kuwa, sai ya sanar da jama'a wanda ya bayar. Kurege ya san wannan sarai, ai abin da yake so ke nan. Ya duba waya, ya ga VPN a kunne. Ya ce, "Ai a ɓoye nake." Ya cika kwano da gyada, ya ratsa taro, ya dire gaban Kwaɗo.

Kwaɗo ya buga kalangu. "Jama'a ku shaida! Sarkin Huda ya ba ni gyada! Kurege ɗan Kurege, na gindin tsamiya, jikan mai farin zane a haƙarƙari! Allah ya ƙara arziki!"

Kurege ya ɗaga hannu yana jinjina. Sai ya ji an damƙe wutsiya.

Kura ta ce, "Sannu, Sarki."

Kurege ya ga rana, ya ga tabarmar shanya kilishi. Ya ce, "Ranki ya daɗe, kafin ki yi komai, duba nan." Ya nuna mata fuskar waya. "Me aka rubuta? A ina nake?"

Kura ta ƙura ido. "Garin Raƙuma."

"To kin gani. Ni yanzu a garin Raƙuma nake. In kika cije ni, a garinsu kika yi cizo, kuma suna gani."

Ƙugun Kura ya amsa. Ta ce, "Ƙarya kake."

"Ni zan iya ƙarya, amma waya? Riƙe da hannu biyu ki karanta da kyau."

Kura ta saki wutsiya ta riƙe waya da hannu biyu. Kurege ya yi wuf, ya faɗa ramin Gafiya, na gaske, mai ƙasa.

Gafiya ta dube shi ta ce, "Ina wayar?"

Nan ya tuna. Waya tana hannun Kura, a buɗe.

Daga cikin rami yana jin Kura tana karanta wa kasuwa tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. "Maganin sanƙon wutsiya! Yadda gajere zai yi kwarjini! Shin Zomo ya fi ni kyau?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Kura ta yi dariya har ta manta da gyada, kuma ita ce dariyar da take yi har gobe. Kurege ya rufe fuska ya ce, "Gwaggo, da ma kilishin aka yi da ni."

Shi ya sa in kun ga kurege ya miƙe a kan ƙafa biyu yana waige-waige, ba abinci yake nema ba, dubawa yake ko an daina maganar.

Ƙurunƙus kan ɗan gafiya. Ku haƙa ramin, yana da amfani, amma ku ɗinke bakin, don shi ke yanka wuya. Kai kuma da na ga kana ɗaukar muryata a ɓoye, kada ka tura wa kowa. In kuma ka ga dole sai ka tura, to ka rubuta sunana daidai, ka ce na bayan masallaci, mai farar hula.